Yadda Muka Daina Tambayar Baffa Maliki

Baffa Maliki ƙanin mahaifina ne, kuma a ƙauyenmu na Tudun Gawo, a ƙasar Sandamu, bai taɓa riƙe sarautar komai ba. Ba liman ba ne, ba mai unguwa ba, ko Sarkin Noma ba a naɗa shi ba, ko da yake wanda aka naɗa ɗin ma shi yake jira. Gajere ne, baƙi, mai ɗan siririn gemu, gonarsa ba ta fi ta kowa girma ba. Abu ɗaya ya sani, ya kuma san shi ƙwarai: ya san ranar da ya kamata a shuka gero.

Wanda bai taɓa noma a jigawa irin tamu ba zai ɗauka wannan ƙaramin ilimi ne. Ruwan farko yana yaudara. Zai sauka da ƙarfi, gari ya ɗauki ƙamshi, zuciyar manomi ta yi ta tsalle. In ka yi gaggawa ka saki iri sannan sama ta ɗauke, tsiron zai ƙone a cikin rairayi, kuma irin nan shi ne abin da ka hana bakin 'ya'yanka tun kaka. In kuma ka yi nawa, damina ta wuce ta bar geronka bai nuna ba. Tsakanin gaggawa da nawa akwai 'yan kwanaki ƙalilan, su ne Baffa ya sani.

A wurin kakansa na wajen uwa ya koya, can bayan Kongolam a ɓangaren Nijar, inda ruwa ya fi namu rowa. Shekara bakwai ya yi a hannun tsohon. Ya dawo ya yi aure, ya gaji gonar da ke da gawo uku a tsakiya, ya zauna. Kowace bazara yana lura da zuwan shamuwa kan tsamiyar masallaci, da lokacin da gawo ya fara zubar da ganye, da ranar da iska ta juyo daga kudu. In an yi ruwa, gari na wayewa zai tafi gona shi kaɗai, ya durƙusa nesa kaɗan da gawon tsakiya, ya tona ƙasa da hannu har gwiwar hannu. Sai ya dunƙula ta, ya shinshina, ya saki ya ga yadda za ta warware.

A hanyarsa ta dawowa dole ya bi ta ƙofar masallaci, inda magidanta ke zaune kamar masu hira alhali shi suke jira. Wani zai ce, "Baffa, ya ƙasa?" Amsa biyu ce kawai gare shi. Ko ya ce, "Ta sha," kowa ya miƙe ya ɗauko sungumi, mata da yara su biyo da ƙoƙon iri. Ko kuma ya karkaɗe hannu ya ce, "Kurkure baki kawai ta yi," a koma a zauna. Tun ina yaro nake jin wannan tambaya da wannan amsa, har na girma na yi karatu na dawo ina aikin lafiya a ɗakin shan maganin ƙauyen. Sama da shekara talatin ba mu taɓa yin asarar iri gaba ɗaya ba, alhali maƙwabtanmu sukan yi shuka biyu ko uku.

Mutum ne mai tsokana a wancan lokacin. Mai hasashen yanayi na rediyo "malamin akwati" yake kiransa. Ni kuwa "likitan farasitamol", don a cewarsa ko ƙaya ce ta soki mutum abin da zan ba shi ke nan. Ina jin haushi, ina kuma dariya, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Shekara biyar ke nan da damina ta juya masa baya. An yi ruwa mai yawa wata ranar Talata da yamma. Shamuwa ta riga ta zo, gawo ya zubar, komai ya cika. Ya dawo daga gona ya ce, "Ta sha." Muka shuka, gero ya tsiro kore shar, sai sama ta rufe bakinta kwana ashirin da shida. Muka fita roƙon ruwa sau biyu. Tsiron ya kwanta, ya bushe, iska ta kwashe shi. Da aka sake ruwa aka sake tambayarsa, ya daɗe yana murza ƙasar kafin ya ce, "Ta sha." Masu ragowar iri suka saki, marasa shi suka ɗebo daga abin da za a ci. Sama ta sake ɗaukewa. Da ruwan ya tashi dawowa sai ya zo gaba ɗaya a cikin mako biyu, ya cika kwari, ya kwantar da katangu, ya rushe ɗakuna. Wanda ya saba ɗaure dami sittin bai ɗaure goma ba.

Abin da ya biyo baya na gan shi a ɗakin aikina kafin in gan shi a titi. Mata suna zuwa da ciwon kai wanda ba zazzaɓi a bayansa. Magidanci zai zauna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, in auna in ga komai daidai. Faɗa ya yawaita a gidajen da ba a saba jin muryarsu ba. Samari rabi suka tafi ci-rani tun kafin lokaci, waɗanda suka rage wasunsu suka koyi haɗiyar ƙwaya a bayan kasuwa. A cikin waɗanda suka tafi akwai Saminu, maƙwabcin Baffa, magidanci mai 'ya'ya biyu. Shi ne ya zuba hatsin cinsa duka a shuka ta biyu. Ya sayar da awakinsa, ya mai da matarsa Zubaida da yaran gidan iyayenta a Mai'adua, ya kulle gida ya tafi kudu yin acaɓa.

Wata Juma'a bayan kaka, an idar da salla, Baffa ya miƙe a cikin masallaci. Bai taɓa yin haka ba. Ya ce, "Jama'a, ina da magana a kan shukar bana." Liman ya ɗaga hannu da sauri, cikin tausayi ya ce, "Malam Maliki, ruwa na Allah ne. A bar wannan magana." Masallaci ya amsa, a bar ta, a bar ta. Baffa ya koma ya zauna.

A nan ne ni Sabiru, mai takardar shaida a bango, na yi wayon da har yau nake jin kunyarsa. Na ga fuskarsa ranar, zuciyata ta karaya, na ce dole in kare shi. Na bi magidanta ɗaya bayan ɗaya, a majalisa da a gida, ina roƙonsu: don Allah kada wanda ya ƙara tambayar Baffa ƙasa, kada a tuna masa. Ba wanda ya musa. Mu mutane ne masu kara, ba ma son dattijo ya ji kunya a gabanmu, kuma kowa yana ƙaunarsa. Har godiya aka yi mini, aka ce na yi tunani.

Bazara ta zagayo, aka yi ruwan farko. Ina zaune a ƙofar masallaci na hango shi yana tahowa daga gona, hannunsa na dama duk laka. Ya rage tafiya da ya iso kusa da mu. Aka gaishe shi da kyau, har da rusunawa. "Baffa, an tashi lafiya? Ya iyali?" Sannan wani ya ɗauko zancen tsadar taki, muka rufa a kai kamar ba mu taɓa jin labari mai daɗi irinsa ba. Ya tsaya a gefe. Da ya ga ba mai tambayarsa sai ya ɗauki buta ya wanke hannunsa ya shiga gida. Na ji sanyi a raina, na ce mun tsallake.

A wannan shekarar kowa ya shuka da rediyo da kuma abin da ransa ya ba shi. Baffa bai fita da sungumi ba. Don in ƙara kyautatawa sai na sa aka share masa gonar aka shuka, aka yi noman firi da maimai, bai taɓa fartanya ba. Yanzu in na tuna sai in ga na fara karɓe masa magana, na dawo na karɓe masa aiki, ina jiran ya sa mini albarka.

Ya fara da barin goro. Sai tsokana ta tafi. Na shiga gaishe shi ya amsa da "Sabiru" kawai, ba likitan komai. Ya koma sahun baya, yana fita kafin a gaisa, daga baya ya koma salla a gida. Tuwo yana komawa kamar yadda aka kawo shi. Rigunansa suka yi masa yawa. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi a gindin gawo, wasu suka ce sammu, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ni ma na yi nawa: na gwada jininsa na zazzaɓi, na auna hawan jini da sukari, ban ga komai ba, na ba shi maganin ƙarin jini.

Matarsa, wadda duk muke kira Inno, ita ce ta tare ni wata rana da hantsi tana shanya wanki. Ta ce, "Sabiru, zo ka ga." Ta juya aljihun rigarsa, ya yi ja da ƙasa, sabulu bai fitar ba.

"Duk ranar da aka yi ruwa sai ya je ya tona," in ji ta. "Ya zubo ta a aljihu ya dawo ya zauna a zaure har azahar, ko wani zai leƙo. Ba mai zuwa. Ni nake wanke rigar."

Na ce, "Inno, in aka tayar masa da maganar ciwon zai ƙaru."

"Kullum yana cewa haƙƙin Saminu da 'ya'yansa yana wuyansa. Ya ce gari ya yi fushi da shi, shi ya sa aka yi shiru."

"Ba fushi ba ne, Inno. Tausayi ne."

Ta dube ni ta ce, "To, kai ne likita." Ta ci gaba da shanyarta.

Da ina da kunne da ranar na gane. Sai da rani ya shigo, ya kira wani maƙwabci ya ba shi sunguminsa kyauta, ya kuma sa Inno ta sayo masa likkafani ta ajiye a akwati. Dattijo ya ajiye likkafani ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne abin da ya ce mata da ta kawo: wai zamansa ba ya amfanar kowa, abincin da yake ci ma gara a ba yara. Tsoro ya kama ni. Washegari na ɗora shi a bayan babur muka nufi asibitin Daura, yana riƙe da rigata, ba nauyi kamar na ɗauko dami ɗaya.

A asibitin akwai wata ma'aikaciyar jinya, Malama Fadila, wadda ta yi karatu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta kore ni waje cikin ladabi, ta zauna da shi kusan awa ɗaya. Da ta fito ta tambaye ni, "Wa yake magana da shi a gida?"

Na ce, "Kowa yana gaishe shi."

"Ban ce gaisuwa ba."

Ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, ba iska ba ce kuma ba raunin imani ba ne. Ta ce tun da damina ta rikice manoma irinsa suna zuwa mata, galibi bayan an gama yawo da su. A rediyo ana ta zancen sauyin yanayi, ana faɗin yawan zafi da ƙarancin ruwa, amma abin da yake yi wa zuciyar mutumin da duk mutuncinsa a kan ƙasa yake, a ɗakinta ake ganinsa. Likita zai rubuta magani, zai taimaka masa ya yi barci ya ci abinci. Sannan ta ce, "Amma akwai maganar da yake son yi, an toshe masa baki. Ku bar shi ya faɗe ta." Na gyaɗa kai kamar ban san wanda ya toshe ba.

Na dawo da niyyar warware abin da na ƙulla, ban warware ba. Gaskiya ita ce kunya ta hana ni. Yaya zan koma wurin mutanen da suka yaba mini in ce shirme na yi? Kuma yaya ɗa zai zauna gaban ƙanin ubansa ya buɗe masa irin wannan magana? Kullum sai in ce gobe. Maganin ya ɗan tashe shi, ya fara cin rabin kwano, ya koma masallaci, na ce wa kaina wataƙila ma ya isa. Wata huɗu na yi ina wannan ƙarya.

Saminu ya dawo da bazara. Ya rame, yana ɗingishi daga haɗarin da ya yi a can. Ya je Mai'adua ya ɗauko Zubaida da yaran, ya buɗe gidansa, ya ce ya gaji da zama inda ba wanda ya san sunan ubansa. Ba ya nan lokacin da na yi yawon roƙona, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa.

Ruwa ya sauka ranar Laraba da la'asar. Alhamis da safe muna ƙofar masallaci, Baffa ya taho daga gona yana bin jikin katanga, kansa a ƙasa, don yanzu ba ya ma rage tafiya. Saminu ya ɗago ya ce, kamar yadda ya saba ji tun yana yaro, "Baffa, ya ƙasa?"

Na taka masa ƙafa, amma maganar ta riga ta fita. Baffa ya tsaya, ya juyo a hankali, ya duba ko da wani ake. Ya sa hannu a aljihu ya ciro dunƙulen ƙasa, ya murza ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Ban sani ba."

Ba mu taɓa jin wannan amsa daga bakinsa ba. Ya ce, "Shamuwa ta zo. Gawo ya zubar. Danshi ya kai inda ya kamata. Haka suka cika waccan shekarar ma. Abin da kakana ya koya mini na ruwan zamaninsa ne, wannan ruwan ban san shi ba." Ya juya wajen Saminu. "Saminu, ni na ce ta sha. Sau biyu na faɗa. Ka zuba abincin 'ya'yanka a kan maganata."

Liman ya buɗe baki, na ga hannunsa ya fara tashi. Ban san lokacin da na ce, "Allah gafarta Malam, a bar shi ya gama." A cikin shekara biyu wannan ne kaɗai abin kirkin da na yi masa.

Ya gama. Ya ambaci gidajen da aka kulle, ya kira sunayen samarin da suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ashe duk yana riƙe da su. Ya ce yana tsoron ya mutu da haƙƙin mutane. Hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Sannan ya ce, "Ku yafe mini." Dattawa suka sunkuyar da kai, ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Saminu ya ja ƙafarsa mai ciwo ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Baffa, ni ban taɓa riƙe ka ba, ko a can ban zarge ka ba. Amma tun da ka nema, na yafe, duniya da lahira." Sauran suka bi, kowa da bakinsa, ba a haɗa baki kamar ranar Juma'ar nan ba. Sai Saminu ya ƙara da cewa, "To yanzu ya za mu yi? Irin da ke hannuna ba shi da yawa, kuma wanda bai sani ba irinka ya fi mu da muka sani."

Baffa ya share fuska da hannun da ke da ƙasa, na ga wani abu ya dawo idonsa. Ya ce a raba iri kashi uku. A saki kashi ɗaya yau, a fara da inda ya fi riƙe danshi, a ajiye biyu har a ga ruwa na gaba. Ya ce, "Kuma ku saurari malamin akwatin nan. Abin da ya ce ku zo ku gaya mini, mu haɗa da abin da ƙasa ta ce." Maƙwabcin da aka ba sungumi ya tashi ba tare da an ce masa komai ba, ya je ya ɗauko ya miƙa wa Baffa.

Damina ba ta yi abin mamaki ba. Kashin farko rabi ya tsira, na biyu ya kama, aka samu abin da ya kai mu watanni. Baffa ma bai warke a rana ɗaya ba. Har yanzu ina kai shi Daura duk wata biyu, kuma akwai ranakun da yake wuni bai ce uffan ba. Amma yana noma gonarsa da kansa, yana cin goro, amsarsa kuma ta zama uku, ta ukun ita ya fi yawan bayarwa. Ni kuma a ɗakin shan magani, in magidanci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, nakan ajiye abin awo in tambaye shi yadda gonarsa ta yi da yadda yake barci, in yi shiru in jira.

A kakar wannan shekarar ce muna zaune a gindin gawon tsakiya da rana, muna zaɓen zangarniyar da za a ajiye ta iri. Bai ɗago ba ya ce, "Sabiru, kai ne ka hana su tambayata."

Ba tambaya ba ce, amma na amsa. "Ni ne, Baffa."

"Na sani tun ranar farko. Kai kaɗai ne ba ka iya kallon hannuna." Ya juya zangarniya ya duba ƙwayarta, ya ajiye a gefen masu kyau. "Da zagina kuka yi, da na ba da haƙuri an wuce wurin. Shirun ne ban san ta inda zan ba shi haƙuri ba."

Na ce, "A yafe mini, Baffa."

Ya bar ni na faɗa har ƙarshe, bai ɗaga hannu ba. Sannan ya ce, "Na yafe. Allah ya ba ka ladan niyyarka. Amma kada ka ƙara yi wa kowa irin wannan tausayin."